Intanet Kyauta

Kunnen ɗana Jamaluddeen na fara gani a fuskar kwamfuta, wani yana riƙe da shi da yatsa biyu. Sannan aka juyo da wayar da ake ɗaukar hotonsa da ita na ga sauran jikinsa a ɗaure a gindin bishiya, jini ya jiƙe masa kafaɗa.

A hanyar kasuwar Lolo masu garkuwa da mutane suka tare shi, suka tsallaka da shi daji wajen ƙasar Benin. Su can suna da layin waya. Mu an katse namu saboda tsaro. Wuri ɗaya ya rage a yankinmu da intanet ke aiki: ɗakin karatun da wata ƙungiya ta gina mana, mai farantin kama intanet a kan rufi.

Ɗalibai da 'yan kasuwa biya suke kafin su zauna. Mu da aka ɗauke wa mutane, Bunyaminu mai kula da wurin ba ya karɓar ko sisi.

"Baba Yero, mai da kuɗinka aljihu," in ji shi. "Abin da ke kanka ya isa."

Karatuna bai wuce firamare ba, don haka shi ke danna mini komai. Shi ke ba ni ruwa in na kasa tsayuwa. Da na sayar da shanuna, shi na fara gaya wa. Na kai kuɗin inda suka ce. Washegari suka fasa wa yaron gwiwa da gindin bindiga ina kallo, suka ce ai saura gonar fadama. Na sayar. Suka ce saura abin da ƙanena ya aiko daga Illo. Na yi ta zargin maƙwabta da kai musu labari, har na daina gaisa da wasu.

Ranar da na ce wa Bunyaminu ko akuya ban da ita, ya dafa kafaɗata. Masu garkuwar ba su sake kira ba. Masunta ne suka tsinci gawar a bakin kogi, harsashi a ƙeya. Bunyaminu na cikin waɗanda suka ɗauki makara.

Bayan sadakar arba'in na hau mota zuwa Bagudo, ofishin ƙungiyar. Ba abin da zan ba su, amma na ce ko godiya in yi, in roƙa su ƙara wa Bunyaminu albashi.

Wata mata, Malama Fauziyya, ta saurare ni har ƙarshe. Ta sa na maimaita sunan garinmu.

"Baba, kuɗin tallafi ya ƙare tun bara waccan," ta ce a hankali. "Mun yanke intanet ɗin, mun kwaso kwamfutoci, mun sa kwaɗo a ƙofar. Ba mu taɓa ɗaukar wani Bunyaminu aiki ba."