Ramin Yumɓu da Maƙabarta

Tanimu, ɗan ƙanena, tunda an zaɓe ka wakili kuma an kawo muku takardar buɗe kasuwa da ƙasashen waje, zauna in ba ka misali. Ban yi karatu mai zurfi ba, abin da ido ya gani zan faɗa.

A wani ƙauye akwai mata masu ginin tukwane, suna da ramin yumɓu a gabas da gari, kusa da maƙabarta. Kowace kaka sukan taru a gindin tsamiya su yanke ɓangaren da za a haƙa da wanda za a bari ya huta, kuma ko matar da ta fi kowa talauci tana da baki. Wata shekara masu gasa bulo suka zo daga birni, suka ce matan su riƙa kai tukwanensu kasuwar birni babu mai tare su a ƙofa, su kuma a bar su su ɗebi yumɓu babu mai tare su. Magana ta yi daɗi, kowa da kowa daidai. Aka rubuta takarda, aka dangwala yatsa. Ba wadda ta lura cewa su da kwando suke ɗiba, baƙin kuwa da mota.

Tukwane suka yi kasuwa, gaskiya ne, har wasu suka yi rufin kwano. Amma damina uku, rami ya ci ƙasa har ya kusa layin farko na kaburbura. Matan suka taru a gindin tsamiya kamar yadda suka saba, baki ya zo ɗaya: a daina haƙa ta gabas. Wakilin baƙin ya saurare su da ladabi, ya buɗe takarda ya ce, “Iyayena, taro naku ne, ku yi ta yi. Amma rufe rami ba ya hannunku, mai ƙorafi ya same mu a birni.” Tsamiya tana nan, taro yana nan, ikon ne ya tafi.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka dangwala yatsan matata ce, Allah ya jiƙanta. Yau a layin farkon nan take kwance, duk hadarin da ya haɗo sai in ɗauki fartanya in je in tare mata ruwa.

Ban ce kada ku yi ciniki ba, ɗana. Kafin ka sa hannu, duba takardar, ka nemi layin da ya ce mutanenka za su iya cewa a'a gobe. In babu shi, ka tuna: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.