Jan Takalmin 'Yar Alhaji Aƙilu

Takalmin ja ne, mai igiya, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Alhaji Aƙilu ya saye shi a Legas, ya naɗe a takarda, ya ajiye a kujerar gaba ta sabuwar Fijo ɗinsa, ya taho da shi har Gombe.

Ya daɗe rabonsa da garin. Ya fita da akwatin kwano guda, kwangilar siminti ta dawo da shi da tumbi da haƙorin Makka. Ya gina bene a unguwar Madaki, ɗaki goma sha biyu, sai dai ba mai gudu a cikinsu. Aure uku ya yi a kudu, ko ɓari ba a samu ba. Ranar da ya ji 'ya'yan ƙanensa suna gardamar wanda zai gaji ɗakin sama, shi kuwa yana zaune da ransa yana shan fura, ranar ya tuna ashe yana da 'ya.

Ya nufi unguwar Kumbiya-Kumbiya, gidan da tsohuwar matarsa Mairamu take aure. Ya yi ta danna oda har awaki suka watse. Mairamu ba ta fito ba. Mijinta, Malam Bakari, shi ya leƙo zaure, ya saurari Alhaji har ya gama kumfar baki.

"Ba ta nan," in ji Malam Bakari. "Amma akwai ofishin Lauya Bernard kusa da tasha. Ka je can, za ka samu abin da kake nema."

Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Shi za a ce wa ya je wurin lauya? To, zai je, kuma sai ya karɓe 'yarsa ko da za a kai Ikko.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya. Akwai fanka, akwai lauyan da kwat ɗinsa duk da zafin Gombe, a lungu kuma wata budurwa ta yane kanta da gyale tana buga tafireta. Ta miƙe ta gaishe shi. Alhaji ya amsa wa bango. Ya dire makullin mota a kan tebur yadda kowa zai ga tambarin, ya dire takalmin a gefensa, ya fara zuba.

Ya faɗi sunansa, ya faɗi sunan Mairamu. Tafireta ta tsaya cak, sannan ta ci gaba.

Ya ce an raba shi da gudan jininsa. Ya ce ba daren da ba ya mafarkinta. Har ya ciro hankici ya goge ido, kuma a gaskiya akwai ɗan hawaye a wurin, don mutumin yana tsoron mutuwa ba mai yi masa addu'a.

Lauya ya tambayi shekarunta.

"Ƙarama ce. Da na bar ta ko ƙuguna ba ta kai ba. Kwanan baya ne, lokacin da ake shimfiɗa layin dogo."

Lauya ya ɗaga gira, ya dubi takalmin, ya dubi makullin Fijo, ya ga ba shi da dalilin yin gardama. Ya tambayi sunanta.

Nan Alhaji ya gyara zama, ya yi murmushin da wushiryarsa ta bayyana. Ya ce su Fulani ba sa kama sunan ɗan fari. Ba sa ɗaukarsa, ba sa wasa da shi, ko kallonsa ba sa yi a gaban mutane. Kunya ce, gadon iyaye da kakanni. Wannan kam gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, ya riƙe kunyar nan da kyau har sunan ya gudu daga kansa. Tun daga Lakwaja yake lalube, ko Safiya ce, ko Sa'adatu, ya dai san da sa ya fara.

"A bar gurbin," in ji lauya. "A cike daga baya."

Budurwar ta kawo masa ruwa a kofi, ta rusuna. Ya karɓa, ya bi ta da kallon raini, ya juya ga lauya.

"Ka ga abin da nake guje wa tawa ke nan. 'Ya mace a ofis cikin maza! Ke, ubanki bai san ciwon kansa ba."

"Haka ne, Alhaji," in ji ta. Ta yi ɗan murmushi, wushirya ta leƙo, ta koma kan kujerarta.

Alhaji ya ji daɗin yadda ta amsa. Ya ƙara da cewa tasa, da zarar ta shigo hannunsa, sai tarbiyya, sai gata, za ta san tana da uba.

Tafireta ta yi ƙara ta ƙarshe. Budurwar ta zare takardar ta miƙa wa lauya, ta buɗe wa Alhaji tawadar dangwale. Ya naɗe hannun babbar riga, ya ce a karanta masa tukuna, shi ba a yi masa sakiyar da ba ruwa a takarda.

Lauya ya fara karantawa yana fassarawa. Ya wuce sunan mai ƙara, ya wuce sunan wadda ake ƙara. Da ya zo gurbin da aka ce a bari, sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Suwaibatu Aƙilu," ya karanta a hankali. "Shekara goma sha takwas."

Suwaibatu! Sunan ya faɗo wa Alhaji a ka kamar bulo. Ya zabura, babban yatsansa ya faɗa cikin tawada, ya fito baƙi ƙirin.

"Shi ne! Wallahi shi ne! Wa ya gaya muku?"

Budurwar ta ɗauki jan takalmin, ta gwada shi a tafin hannunta, ta mayar masa gabansa.

"Ni na cike, Baba," in ji ta. "Ni ba na jin kunyar sunana."