Muryar da ke Cikin Salula

Sau goma sha huɗu ke nan Mamuda yana maimaita jimla ɗaya, kuma kullum a kan kalmar "burtali" harshensa ke sarƙewa.

Matarsa Lubabatu ta sake danna salula. Muryar mai shirin manoma na rediyo ta cika tsakar gidan, wani tsohon shiri da ta adana. Mutumin yana zuba zance kamar ruwa a gangare, ya san inda zai ja numfashi, ya san inda zai sa dariya.

"Bi shi a hankali, Malam," in ji ta.

Ya bi shi. Bai ji haushi ba, bai ji kunya ba. Ya daɗe rabonsa da jin komai.

Saura kwana tara taron manoma da makiyaya a Guci. Gonaki sun cinye hanyar shanu, bara har jini ya zuba, kuma ɓangarorin biyu sun ce in ba Mamuda ne ya buɗe taron ba, ba su zama. Don haka kowace safiya sai ta sa masa maɓallan riga, ta jera turmi da tukwane su zama jama'a, shi kuma ya jingina da bango yana bin muryar kalma bayan kalma.

Ranar taro ɗan kabu-kabu ya kai shi. Mutane sun cika inuwar gawo har sun tumbatsa cikin rana. Ya yi sallama. Ya ce fura ba ta damuwa sai gero da nono sun haɗu. Da ya iso "burtali" ya tsaya, ya haɗiyi yawu, ya fito da ita a gutsure. Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijon makiyayi ya sunkuyar da kai yana share ido. Kafin la'asar an amince a kafa duwatsun iyaka.

Labari ya riga shi isa gida.

"An ce ka kusa kamo na cikin salula," in ji Lubabatu.

"Wancan ya tafi," ya ce.

Duk da haka ta kunna, ya zauna yana sauraro har ƙarshen shirin, inda mutumin ya yi ban kwana cikin fara'a: "Naku, Mamuda Salisu," shirin da ya yi wata biyar kafin hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki.