Mashawarcin da Bai Taɓa Kuskure Ba

Mashawarcin ya baza taswira a kan tebur, a ajin da kwamitin sulhu ke zama. Daga ƙasa mai nisa aka turo shi, ya taimaka a kashe rikicin unguwanni biyu da ya riga ya ci rai arba'in. Ya yi minti goma cur yana bayani da yarensa, yana zana kibiyoyi da jan biro.

Tafinta ya gyara murya.

"Ya ce kada ku bi ta gada. Ku fara zuwa ta'aziyya gidan tsohuwar da aka kashe wa ɗa. Kowa kuma ya bar bindigarsa a gida."

Shugaban kwamiti ya riƙe baki. "Wannan bawan Allah, kamar a nan aka yanke masa cibiya!"

Suka je. Tsohuwar ta ƙi kallonsu, amma ta sa aka shimfiɗa musu tabarma. A ranar aka buɗe wa wata mota wuta a kan gada.

Haka aka yi wata bakwai. Mashawarci ya san wane mahauci ne matasa ke jin maganarsa, ya san surukan da ba a haɗa su benci ɗaya. In gardama ta yi zafi, tafinta kan raɗa masa kalma biyu a kunne, shi kuma ya yi murmushi ya rubuta a littafinsa.

Ran da ɓangarorin biyu suka zo sa hannu, wani saurayi ya miƙe, hannu cikin riga. Mashawarci bai ma lura ba, yana ta karanta jawabi.

"Ya ce ka zauna, ɗana," in ji tafinta. "Mahaifiyarka tana bakin ƙofa."

Saurayin ya zauna. Aka sa hannu, kasuwa ta buɗe, aka kira mashawarci gida karɓar lambar yabo.

Da tafinta ya dawo daga rakiya, matarsa ta tare shi da ruwa.

"Baban yara, me baƙon nan ya ce maka da za ku tafi, har yana hawaye?"

"Oho masa! Ni tuƙi aka ɗauke ni. Tun da tafintan gaske ya ji harbin farko ya tsere na hau kujerarsa, kuma har yau ban da 'sun yarda' ban san ko kalma ɗaya a yaren mutumin nan ba."