Bangon Ɗakin Baya

Mu'azu Yelwa ya jiƙa bangon da tiyo har ruwa ya kwanta a tsakar gida, sannan ya jingina tsani ya hau.

Ɗakin baya na gidansu da ke Boukoki ba da bulo aka gina shi ba. Falle-fallen siminti ne masu ruwan toka, waɗanda ake kira fibro. Mahaifinsa ya sayo su lokacin da aka rushe wani tsohon sito. Mu'azu, yana saurayi, shi ya yayyanka su da zarto, garin yana zuba masa a ka kamar wanda ya fito daga injin niƙa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Yanzu gefunansu sun fara marmashewa, wani farin zare yana leƙowa. Amiyant ake ce masa. A makon nan ya koyi sunan.

Ya bi abin da aka gaya masa. Ba a fasawa, ba a sharewa da tsintsiya, ba a barin shi ya bushe. Sai ya zare ƙusa a hankali, ya sauke falle ɗungurungum, ya naɗe shi da leda mai kauri, ya ɗaure.

Matarsa Zalika da yara ya kai su Koira Kano wurin yayarta, ya ce fenti zai yi. Shagonsa na ɗinki da ke kusa da kasuwar Petit Marché ya rufe shi. Ya bi maƙwabta gida-gida yana raba takunkumi, yana roƙon a rufe tagogi, a kwashe shanya. Shi kuwa fuskarsa a buɗe take.

Boubacar, direban tasi da suke katanga ɗaya, ya leƙo.

"Malam Mu'azu, ka rufe mana hanci, kai ina naka?"

"Hana ni numfashi yake yi."

"To ka ɗauki lebura mana. Ga samari can bakin titi suna neman aiki."

"Ba ɗan wanda zai taɓa wannan."

Boubacar ya koma gida ya gaya wa matarsa cewa rowa ta kama tela.

Aikin bai yi sauri ba. In ya sauke falle ɗaya sai ya zauna, ya jingina da katanga, ya jira. Tuwon da maƙwabta suka aiko yana nan a rufe. Ba tsoro yake ji ba, ba baƙin ciki ba. Kallon hannuwansa kawai yake yi suna aiki, kamar na wani mutum dabam.

Ranar Alhamis da azahar, rana ta busar da bangon bai lura ba. Fallen sama ya suɓuce masa, ya daki ƙasa, ya tarwatse. Farar ƙura ta tashi. Daidai nan ƙofa ta buɗe, Zalika ta shigo da kwanon abinci, autarsu Sadiya tana riƙe da bakin zanenta.

"Fita!"

Tunda suka yi aure bai taɓa ɗaga mata murya ba. Ta ja yarinyar da baya. Ya sauko ya banko ƙofar, ya sake wa tarkacen ruwa har ya zama taɓo.

Daga waje ta ce, "Malam, wane irin fenti ne wannan?"

"Ki koma. Jibi zan zo in ɗauko ku."

"Me ya sami muryarka?"

"Gajiya ce."

Daga baya ya ji ta ajiye kwanon a bakin ƙofa, takunsu ya yi nisa.

Washegari ya gama. Rigar da wandon da ya yi aikin da su ma ya naɗe su tare da falle na ƙarshe. Kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya kwashe ƙunshin zuwa inda za a binne shi, bayan gari. Mu'azu ya wanke tsakar gida, ya sake wankewa, ya goge tagogi da jiƙaƙƙen tsumma. Inda ɗakin yake a da, saura ginshiƙan katako da sararin sama.

Ya zauna a dakali yana sauraron numfashinsa. Likitan da ya nuna masa hoton ƙirjinsa ranar Litinin ya ce zaren da ya shaƙa tun yana saurayi ya riga ya cinye huhun duka biyu, da wuya ya ga damina.