Mariƙin Ƙofar Fijo

Ranar Juma'a ce, rana ta take, babu ko iska. An sauko daga masallaci, jama'a na komawa cikin kasuwar Wudil.

Malam Halliru, wani tsoho daga Achika, ya zo sayen dusa. Ya ajiye tsohuwar Fijo 504 ɗinsa a gindin darbejiya, kusa da rumfar Maikano mai faci. Motar ta girmi rabin 'yan kasuwar, amma fentinta na nan, don ba ya barin kowa ya jingina da ita. Da ya dawo da darduma a kafaɗa, bai hango motar ba. Taron mutane ya hango.

A tsakiyarsu wani mutum ne a durƙushe, zai yi shekara talatin, riga a yage, jini na bin girarsa. Maikano ya ce shi ya kama shi yana murɗa mariƙin ƙofar direba da sukudireba. Tuni wani ya gangaro da taya. An tura ɗan acaba ya tsiyayo fetur.

Malam Halliru ya kutsa. Ya dubi tayar, ya dubi mariƙin da ya karkace ya sunkuya. Fuskar mutumin kuwa bai duba ba.

"Motata ce," ya ce. "Wannan mariƙi ya daɗe yana son gyara. Kai, tashi ka ƙarasa abin da ka fara."

Hayaniya ta lafa, amma ba wanda ya ja baya. Maikano ya ce in dai mai gyara ne, to ya gyara kowa ya gani. In ya kasa, taya na nan.

Tsohon ya shiga ta ɗaya ƙofar, ya turo ta direba daga ciki. Ya ɗauko jakar kayan aiki a but ɗin motar, ya jefa gaban mutumin. Mutumin ya kai hannu kan filaya. Tsohon ya make hannun.

"Marfin ciki za ka fara cirewa, sakarai. Sannan sifana lamba goma."

Marfin ya fita da ƙyar. A bayansa noti biyu ne ke riƙe da mariƙin. Mutumin ya soma ɗaurewa. Tsohon ya daka masa tsawa, ya ce sassautawa ake yi, ba a ɗaure karkataccen abu. Ya sassauta ya wuce kima, noti ɗaya ya suɓuce ya faɗa can ƙasan ƙofar. Kowa ya ji ƙararsa.

Daidai lokacin ɗan acaba ya dawo da fetur a gorar ruwa, ya dire ta kusa da tayar.

Mutumin ya zura hannu cikin ƙofar har kafaɗa, bakin ƙarfe na yankarsa, ya lalubo notin. Tsohon ya riƙe mariƙin daga waje, ya kanne ido ɗaya, ya daidaita shi da layin jikin motar. Ya ce a ɗaure na gaba kaɗan, na baya kaɗan, a sake komawa na gaba, kada ɗaya ya riga ɗaya. Saura siririn ƙarfen da ke jan sakatar ƙofa. Ya ce in ya yi tsauri ƙofa za ta buɗe kanta a kan hanya, in ya yi sako-sako ba za ta buɗu ba sam.

Aka rufe ƙofa. Mutumin ya ja mariƙin. Ba ta buɗu ba.

Da'irar ta matso. Maikano ya sunkuya ya sa mutumin ya raɗa masa sunansa a kunne, sannan ya miƙe.

"Baba, magana ɗaya ce. In naka ne, faɗi sunansa."

Malam Halliru ya kawar da kai. Ya tofar da tukar goro, ya zuba wa darbejiyar ido. Wani ya kwance murfin gorar, warin fetur ya tashi. Mutumin ya fara salati a hankali.

Sai Hansai, tsohuwa mai fura da ke gefe, ta ajiye ludayinta.

"Kai Maikano, ba ka da ta ido? A garinku dattijo na faɗin sunan ɗan fari? Tun da ya zo ka ga ya kalli fuskarsa?"

Aka dubi juna. Wani mahauci ya ce gaskiya ne, shi ma har ubansa ya rasu bai taɓa kiransa da komai ba sai Kai. Wani ya ce irin wannan zagi ai sai uba. Mai riƙe da gora ya mayar da murfi a ɓoye.

Tsohon bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya sake turo ƙofar daga ciki, ya nuna ƙarfen da yatsa, ya ce a rage masa tsawo kaɗan. Aka rage, aka rufe. Mutumin ya ja, ƙofar ta buɗe ba gardama. Ya rufe ya sake ja, ta sake buɗewa.

Maikano ya mirgina tayarsa ya koma rumfa, yana ba da haƙuri ƙasa-ƙasa. Tsohon ya ce wa mutumin ya kwashe kayan aiki ya shiga gaba. Suka kama hanya har Achika. Tsohon ya sa aka wanke wa mutumin rauni, aka ba shi tuwo, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure.

Washegari bayan sallar asuba, Malam Halliru ya shigo zauren da kwanon koko. Ya ajiye, ya zauna, ya ƙare wa fuskar mutumin kallo.

"To, ɓarawo," ya ce, "ya sunanka, kuma ɗan waye kai?"