Farin Dutse a Zanen Jariri

Tun da aka ce ɗiyarta Sa'a na da ciki, Hindu ba ta ajiye mazari ba. Ta kaɗa zare, ta kai wa masaƙi a Tasawa, ya saƙa mata zane biyu masu laushi na jikanta na fari. Abu ɗaya ke hana ta sukuni: asu, wanda ya taɓa cinye mata zanen aure.

Ran kasuwa wani falke da ya zo da ayarin arewa ya nuna mata wasu fararen duwatsu masu wari mai hawa kai.

"Kafur na Turawa ne, Inna. In kin sa shi cikin adudu, ƙwaro ba ya kusanta."

Hindu mace ce mai tsabta har ta wuce wuri, kuma ba ta son a koya mata aiki. Ta saya, ta koma garinsu Kanan-Bakashe ta cusa duwatsun a tsakanin zannuwan, ta rufe wata huɗu.

Sa'a ta haifi namiji lafiyayye. Hindu ta zaro zane, ko shanyawa ba ta yi ba, ta naɗe jaririn da shi. Habsatu ungozoma ta toshe hanci.

"Hindu, wanga wari ya yi ma jinjiri yawa. Abin da ka kashe asu, mi za ya yi ma ɗan kwana ɗaya?"

"Ƙamshin tsabta ne, ke dai ba ki saba ba."

Ta ƙara tura dutse biyu ƙarƙashin shimfiɗarsa don kyankyaso.

Kwana uku, idon yaro ya yi ɗorawa. Aka ce shawara ce, aka jiƙa saiwa. Ya daina kama nono, kukansa ya sirance, jikinsa ya sanƙare. Sai a rana ta biyar Hindu ta tuna maganar Habsatu, ta kwashe duwatsun ta watsar bayan gari. Ran jajibirin suna yaron ya cika. Mutanen da aka gayyata cin nama, gaisuwar mutuwa suka zo yi. Hindu ta yi baƙin cikin da ba ta taɓa yin irinsa ba, don da hannunta ta naɗe shi.

Jama'a, wannan dutse naftalin ne, daga kwaltar gawayin ƙasa ake fitar da shi, kuma tururinsa na fasa jinin wasu jarirai. Yau shi da ɗan'uwansa mai sinadarin kulorin suna nan a shagunanmu da sunan kafur. Maganin ƙwari guba ne: kada ya kusanci kayan jariri, in kuwa idon jariri ya yi ɗorawa, a kai shi likita ran nan.